Ya Isa Ko Bai Isa Ba? Shawarwari 13 Ga Gidan Da Ke Da Mai Shirin Jarrabawar Lissafi

Wani ƙanena ya dawo daga jarrabawar neman aiki a wani banki yana huci. Lissafi ya karanta a jami'a, ya gama bautar ƙasa, kuma a gidanmu shi ake kira in lissafin adashi ya rikice. Ya ce an ba su wasu tambayoyi da ba a nemi amsarsu ba. Za a yi tambaya, a jero bayani biyu a ƙarƙashinta, sai a ce ka faɗi wanne daga cikinsu ya wadatar a amsa ta. Shi kuwa ya duƙufa yana warware kowace har ƙarshe, yadda ya saba tun firamare. Lokaci ya cika, ya bar shafi guda bai taɓa ba.

Irin waɗannan tambayoyi a takarda sunansu Data Sufficiency, wato auna ko bayani ya isa. Inda suka fi shahara shi ne GMAT, jarrabawar shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, wadda hukumar GMAC ta Amurka ke shiryawa, aka kuma fara yin ta a 1954. A Indiya suna fitowa a jarrabawar ɗaukar ma'aikatan banki ta IBPS da ta SBI. A Najeriya ma bankuna da kamfanoni da dama suna kwaikwayon salon GMAT wajen tantance masu neman aiki, shi ya sa za ka ji matashi yana cewa "ina karanta GMAT" alhali babu inda za shi.

Lissafin da ke ciki bai wuce na sakandare ba. Abin da ake aunawa shi ne ko mutum ya san lokacin da hujjar hannunsa ta kai ya yanke hukunci. Aikin alƙali ne: ga ƙara, ga shaidu biyu, sai ka faɗi ko shaidarsu ta isa. Ga shawarwari ga mai shirin, namiji ko mace, da kuma mutanen gidansa.

1. Ka tsaya da zarar ka tabbata amsa ɗaya za ta fito

Ga misali. Tambaya: ɗalibai nawa ne a ajin? Bayani na 1: kashi 25 cikin ɗari na ɗaliban su 12 ne. Bayani na 2: in aka ƙaro ɗalibai 12, ajin zai zama mutum 60.

Wanda ya saba da lissafin makaranta zai zaro biro ya fara ninkawa. Babu bukata. Duk wanda ya san kwatan abu ya san dukkansa, wanda kuma ya san jimla da abin da aka ƙara ya san asali. Kowane bayani ya isa shi kaɗai, ko ka fitar da 48 ko ba ka fitar ba. Da a ce an rubuta kashi 17.5 cikin ɗari mutum 1,435 ne, hukuncin yana nan yadda yake, sai dai wanda ya tsaya rabawa ya zubar da minti guda a banza. Lambobi masu tsoratarwa sau da yawa rami ne aka haƙa wa mai son lissafi. Ka tambayi kanka: "Da zan zauna in lissafa, amsa ɗaya tak za ta fito?" In e ne, ajiye biro.

2. Ka haddace amsoshin biyar, amma ka karanta umarni ranar jarrabawa

A GMAT amsoshin ba sa canzawa daga tambaya zuwa tambaya:

A: bayani na 1 shi kaɗai ya isa, na 2 shi kaɗai bai isa ba.
B: bayani na 2 shi kaɗai ya isa, na 1 shi kaɗai bai isa ba.
C: babu wanda ya isa shi kaɗai, amma in an haɗa su sun isa.
D: kowanne ya isa shi kaɗai.
E: ko an haɗa su ba su isa ba.

A rubuta su a kwali a manna a bangon ɗaki, a riƙa bita har su zauna kamar jadawalin sau. Wanda zai tsaya karanta su a kowace tambaya ya riga ya yi asara.

Sai dai a kula. Wasu daga cikin tambayoyin da matasa ke saukewa a waya daga Indiya suke, kuma a can jerin yakan bambanta: a takardu da yawa zaɓi na uku shi ne "kowanne ya isa", na biyar kuma "sai an haɗa su". Wani lokaci ma bayani uku ake kawowa. Kamfanin da ya shirya jarrabawar aiki yana iya bin nasa tsarin. Don haka a tambayar farko ka karanta zaɓuɓɓukan sau ɗaya da kyau, domin in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

3. Ka raba hanya biyu tun daga bayanin farko

Bayani na 1 kaɗai yana rage maka rabin aiki. In ya isa, amsar ba za ta wuce A ko D ba. In bai isa ba, ta rage tsakanin B da C da E. A takardar gwaji ka rubuta AD a sama, BCE a ƙasa, ka soke layin da ya faɗi.

Daga nan sai bayani na 2. In kana layin AD: ya isa, D ke nan, bai isa ba, A. In kana layin BCE: ya isa, B ke nan, an gama. Sai in shi ma ya gaza ne za ka haɗa su, ka zaɓa tsakanin C da E.

Amfanin wannan yana fitowa ranar da tambaya ta gagara. Mai canki ido rufe yana da dama ɗaya cikin biyar. Wanda ya iya auna bayani ɗaya kawai ya mayar da ita ɗaya cikin biyu ko ɗaya cikin uku. In na 1 ya yi maka nauyi, fara da na 2, sai layukan su koma BD da ACE.

4. Ka saurari kowane shaida shi kaɗai

Alƙalin kirki ba ya barin shaida na biyu ya zauna yana jin abin da na farko ke faɗa. Nan ne masu ƙoƙari ma suke zamewa. Tambaya: shekarun ƙanen nawa? Bayani na 1: wansa ya girme shi da shekara 6. Bayani na 2: wan yana da shekara 30.

Ka karanta na 1, ka ga bai isa ba. Ka karanta na 2, nan take zuciya ta ce 24, sai hannu ya tafi kan B. To ina ka samo 6 ɗin? Daga na 1 ka ɗauko shi ba ka sani ba. Bayani na 2 shi kaɗai bai faɗi komai game da ƙanen ba. Amsar C ce.

Maganin abin mai sauƙi ne. In a takarda ne, rufe bayani na 1 da yatsa kafin ka karanta na 2. In a kwamfuta ne, ja layi a takardar gwajinka, aikin na 1 a hagu, na 2 a dama, ka sake karanta tambayar kafin ka tsallaka.

Ka kuma sani cewa shaidun nan ba sa ƙarya. Ko bayani ya ce buhun shinkafa naira 500 ne, karɓa za ka yi. A tambayoyin GMAT na ainihi bayanan biyu ba sa karo da juna. In na 1 ya ba ka 12, na 2 ya ba ka 15, koma ka duba, kai ne ka yi kuskure.

5. Ka sassauta tambayar kafin ka leƙa bayanan

Tambaya takan zo da rawani da babbar riga, in ka tuɓe mata su sai ka ga yarinya ce ƙarama. "Shin 4x + 8 ya fi 20?" Cire 8, raba da 4, ta koma: "Shin x ya fi 3?" Yanzu in bayani na 1 ya ce x ya fi 5, ka san e ne kai tsaye. In na 2 ya ce x ya fi 2, ka san yana iya zama 2.5, yana iya zama 10, bai isa ba.

Haka in an tambayi matsakaicin cinikin mai shago a kwana 5, jimlar cinikin kawai kake nema, ba sai ka san na kowace rana ba. In an tambayi riba kashi nawa ce cikin ɗari, dangantakar kuɗin saye da na sayarwa kake nema. Bayanin da ya ce an sayar a kan kuɗin saye da ƙarin kwatansa ya isa, riba kashi 25 ce, ko kayan na dubu ne ko na miliyan. Wanda ya ce an ci ribar naira 5,000 bai isa ba, tunda ba a san uwar kuɗin ba.

Kafin idonka ya sauka kan bayanan, rubuta a gajarce abin da kake bukata. Mai zuwa kasuwa da jerin cefane ba ya dawowa da abin da ba a aike shi ba.

6. Ka bambanta tambayar "nawa" da tambayar "shin"

Tambayoyin iri biyu ne. Ta "nawa" tana son lamba ɗaya tak. In bayani ya bar ka da lamba biyu, ko da 4 da 5 ne, bai isa ba.

Ta "shin" tana son e ko a'a, kuma kowanne daga cikinsu amsa ce, muddin babu kokwanto. Tambaya: shin malamin ya haura shekara 40? Bayani na 1: bai kai shekara 35 ba. Bayani na 2: ya haura shekara 30.

Mutane da yawa suna ganin na 1 sai su ce ai bai haura ba, su soke shi. Kuskure ne. Bayanin ya ba da amsa yankakkiya: a'a, bai haura ba. Shaidan da ya tabbatar wa kotu cewa wanda ake zargi ba ya garin ranar ya warware shari'a, kamar dai wanda ya ce ya gan shi da idonsa. Na 2 ne bai isa ba, domin malamin yana iya zama ɗan 32, yana iya zama ɗan 50. Amsar A ce. Abin da ke kayar da bayani shi ne "wani lokaci e, wani lokaci a'a". Ka rubuta wannan a ƙasan kwalin nan na bango.

7. Ka gwada lambobin da ake mantawa da su

In aka ce mutum ya kawo lamba, 2 ko 5 ko 10 ke zuwa masa. Masu shirya jarrabawa sun san haka, sai su ɓoye tarkonsu a inda ba a leƙawa: sifili, da 1, da lambobin da ke ƙasa da sifili, da gutsattsari irin rabi da kwata.

Tambaya: x nawa ne? Bayani na 1: x sau x ya ba da 49. Baki zai ce 7. Amma −7 sau −7 ma 49 ne, don haka bai isa ba. In na 2 ya ce x ya fi sifili, shi ma bai isa shi kaɗai ba, a haɗe ne suke ba da 7. Amsar C.

Wata kuma: shin x sau x ya fi x girma? Bayani na 1: x ya fi sifili. Bayani na 2: x ya fi 1. Gwada na 1 da 3, ka sami 9, e. Gwada da rabi, ka sami kwata, a'a. Ya faɗi. Na 2 kuwa duk lambar da ta haura 1 in ta ninka kanta ƙaruwa take yi. Amsar B.

Ka lura da manufar gwajin. Neman karya bayanin kake yi. In lambar farko ta ba ka e, ta biyu ka zaɓo wadda kake zaton za ta ba da a'a. Misali biyu masu saɓani sun isa su rushe bayani, amma misali goma masu kama da juna ba su tabbatar da shi ba. Kuma duk lambar da za ka gwada, sai ta cika sharaɗin bayanin tukuna.

8. Kada ka ƙara abin da ba a faɗa ba

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A wannan jarrabawa zato maki yake ci. Tambaya: kashi nawa cikin ɗari na ma'aikatan kamfani ne mata masu aure? Bayani na 1: kashi 60 na ma'aikatan mata ne. Bayani na 2: kashi 50 na ma'aikatan suna da aure.

Mai sauri zai ce rabin 60, wato 30, ya zaɓi C. Wa ya ce masa aure ya rabu daidai tsakanin maza da mata? Yana yiwuwa duk mazan, su kashi 40, suna da aure, sai matan aure su zama kashi 10. Yana yiwuwa babu namiji mai aure ko ɗaya, su zama kashi 50. Amsar E ce.

Haka in an zana hoto, kada ka auna da ido ka ce wannan kusurwa a miƙe take ko waɗannan layuka tsawonsu ɗaya, sai in an rubuta. In an ce x da y, ba a ce dole sun bambanta ba. In an ce lamba, ba a ce cikakkiya ce ba.

Amma akwai abin da tambaya ke faɗa ba tare da ta furta ba. In ana maganar awaki ko yara ko motoci, babu rabin akuya, babu yaro ƙasa da sifili. Da a ce x na tambayar farko a shawara ta 7 yawan awaki ne, da bayani na 1 ya isa.

Tunda da Turanci ake tambayar, ka ware shafi ka tara ƙananan kalmomin da ke juya hukunci, kowace da ma'anarta da Hausa: aƙalla, bai wuce, fiye da, mabambanta, a jere, cikakkiyar lamba. "Aƙalla 5" ya haɗa da 5, "fiye da 5" bai haɗa ba. Mutum yakan iya lissafin sarai, kalma ɗaya ta kayar da shi.

9. Kada ka dogara da ƙirga layukan lissafi

A sakandare an koya mana cewa in abubuwan da ba a sani ba biyu ne, layin lissafi biyu ake bukata. Gaskiya ne a mafi yawan lokuta, amma masu shirya tambaya sun san inda ƙa'idar ke da ɓaraka ta kowane gefe.

Gefe na farko: nawa ne kuɗin littafi ɗaya? Bayani na 1: littafi 2 da biro 3 naira 1,300 ne. Bayani na 2: littafi 4 da biro 6 naira 2,600 ne. Ga layi biyu, ga abu biyu, sai a ce C. Duba da kyau: na 2 ninkin na 1 ne kawai. Shaida ɗaya ne ya fita ya canza hula ya dawo. Amsar E.

Gefe na biyu: wani ya sayi tsire, akwai tsinken naira 300, akwai na 500. Na 500 guda nawa ya saya? Bayani na 1: ya biya naira 1,900. Bayani na 2: ya sayi na 300 fiye da ɗaya. Layi ɗaya ne a na 1, amma mai tsire ba ya sayar da rabin tsinke. Gwada: in bai sayi na 500 ba, 1,900 ba ta rabuwa da 300. In ɗaya ne, saura 1,400, ba ta rabuwa. In biyu ne, saura 900, tsinke uku cif. In uku ne, saura 400, ba ta rabuwa. Hanya ɗaya ce tak, don haka na 1 ya isa. Amsar A.

Irin wannan wuri ne ya cancanci ka kashe daƙiƙa talatin kana lissafi, domin a nan lissafin ne ke nuna ko amsa ɗaya ce.

10. Ka yi shakkar C in ta zo da sauƙi

In ka ga bayanan biyu sun haɗu sun ba da amsa ba tare da ka yi gumi ba, dakata. Tambaya: nawa ne kuɗin burodi ɗaya da sabulu ɗaya a haɗe? Bayani na 1: burodi 3 da sabulu 3 naira 4,500 ne. Bayani na 2: burodi ya fi sabulu tsada da naira 500.

A haɗe za ka san kuɗin kowanne, burodi 1,000, sabulu 500, sai C ta yi maka murmushi. Amma ba a tambaye ka kuɗin kowanne ba, jimlarsu aka tambaya. Raba 4,500 gida uku, ka sami 1,500. Na 1 ya gama aikin shi kaɗai. Amsar A.

C tana nufin babu wanda ya isa shi kaɗai. Kafin ka zaɓe ta, koma kan bayanin da ya fi nauyi ka sake matsa shi, ko zai ba da amsa ba tare da taimakon ɗan'uwansa ba. Araha ba ta ado.

11. Ka san tsarin jarrabawarka da lokacinta

A Nuwamba 2023 GMAC ta fito da sabon tsarin GMAT: sashe uku, kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805. Tambayoyin isar bayani sun bar sashen lissafi sun koma sashen nazarin bayanai, mai tambaya 20. Wato minti 2 da daƙiƙa 15 ke nan ga kowace, kuma sauran tambayoyin sashen, masu jadawali da zane, sun fi cin lokaci. Duk daƙiƙar da ka yi tsiminta a nan za ta yi maka rana a can. A wannan sashe akwai kalkuleta a fuskar kwamfuta. Ana iya yi wa tambaya alama a dawo mata in lokaci ya rage, a kuma canza amsa har uku a kowane sashe. Tsohon littafin da yayanka ya bari yana da amfani wajen atisaye, amma tsarin da ya bayyana ya wuce.

Batun canki ya danganta da jarrabawa. A GMAT barin tambayoyi ba amsa yana rage maki, don haka gara ka soke abin da za ka iya sokewa ka zaɓa ka wuce. A jarrabawar bankunan Indiya kuwa ana cire kwatan maki a kan kowace amsa da ba daidai ba. In ta neman aiki ce a gida, karanta takardar gayyata da umarnin farko ka ga ko ana cire maki.

A makon farko yi atisaye ba agogo, har hanyar ta zauna. Daga nan sa agogon waya, tambaya 10 a minti 20. Wadda ta haura minti uku, ka sake ta.

12. Ka buɗe littafin kurakurai

Tambaya 10 da aka yi aka bi diddiginsu sun fi 100 da aka yi aka duba amsa aka wuce. Sami littafi mai rahusa. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta abin da ka zaɓa, da amsar gaskiya, da dalilin faɗuwar a layi ɗaya: na ɗauko bayani na 1 na kai cikin na 2, na manta da lambar ƙasa da sifili, na ɗauki a'a a matsayin bai isa ba, ban gane kalmar ba. Har wadda ka ci da sa'a ka rubuta ta.

Bayan mako biyu ka karanta littafin daga farko. Za ka tarar kurakuran ba su da yawa, iri biyu ko uku ne suke ta dawowa da sabuwar riga. Su za ka sa a gaba. Wajen zaɓen tambayoyin atisaye kuma, ka fifita na hukumar jarrabawar kanta. GMAC tana ba da jarrabawar gwaji biyu kyauta a shafinta na mba.com. Tambayoyin da ke yawo a WhatsApp wasunsu amsarsu ma ba daidai ba ce, sai su koya maka shakkar hanyar da take daidai.

13. Mutanen gida, ga naku aikin

Iyaye, ba sai kun iya lissafin boko za ku taimaka ba. Awa ɗaya a rana da ba aike, ba "zo ka duba min wayata", ta fi kuɗin darasi amfani. Bayan sallar asuba ya fi, kafin gida ya tashi. In 'ya mace ce ke shiri, a ɗauke mata girkin wannan lokaci, 'yan'uwanta su karɓa. A fara da wuri, aƙalla wata biyu kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ku mayar da abin wasan gida. Uwa ta fi kowa sanin wannan ilimi: in ta aiki yaro da naira 2,000 ta ce ya sayo tumatir da albasa, ya tsaya yana tambayar na nawa-nawa, ai cewa yake bayani bai isa ba. Bayan cin abincin dare, wani ya kawo tambaya daga cefane ko kuɗin mota ko awon hatsi, ya ba da bayani biyu, sauran su ce ya isa ko bai isa ba, kowa ya kare ra'ayinsa. Shi mai shirin jarrabawa a sa shi ya yi wa ƙannensa bayani da Hausa. In ya kasa fahimtar da ɗan aji shida, shi ma bai gama fahimta ba. Yaran da suka taso da wannan wasa za su riƙa tambayar "me muka sani tabbas?" kafin su yarda da magana, kuma wannan zai yi musu amfani ko ba su taɓa shiga ɗakin jarrabawar GMAT ba.

Ga ɗaya ku gwada a daren yau. Tambaya: awaki nawa ne a gidan? Bayani na 1: awaki da kaji a haɗe su 10 ne. Bayani na 2: ƙafafun awakin da na kajin a haɗe 28 ne. Ku auna na 1 shi kaɗai, ku rufe shi ku auna na 2, sannan ku duba ko ɗaya maimaicin ɗaya ne.

Amsar C ce. Duk wanda ya faɗe ta da hujja, bai tsaya ƙirga awakin ba, ya kama hanya.